Littafi ɗaya, mu huɗu, kowa da abinda ta gani: me ke raba kan masu karanta labarin makashin mata

Wani littafin turanci ne na gwanjo, bangon ma ya fara ɓarewa, na saye shi wajen masu baza littattafai a ƙasa bakin titi, kuma cikin wata biyu sai da ya zaga hannunmu mu huɗu. Ba sai na faɗi sunanshi ba, irinshi sun fi a ƙirga kuma kusan duk tafiyar ɗaya ce: wani mutum ne yake bin sawun matan da ke zaune su kaɗai, yana laɓe yana haddace lokacin fitarsu da na dawowarsu, wace taga ce bata rufuwa da kyau, wane lungu ne fitilarshi ta mutu, sai ya kashe ɗaya ya ɓace, gari ya ɗauka, 'yan sanda suyi ta lalube, kafin a ankara ya sake. Babi ɗaya daga bakin 'yar sandar da ke farautarshi, babi na gaba kuma a cikin kanshi shi makashin, kana jin duk abinda yake saƙawa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, tana yawan aikin dare, kwana biyu ta cinye shi. Da ta dawo min dashi tace "ke, tunda na karanta abin nan na daina tsayawa waje ɗaya kullum ina jiran adaidaita, kuma nasa an gyara min sakatar ƙofar baya." Ƙawata kuwa babi na uku ta rufe, ta aiko min dashi a leda ta hannun ɗanta, sai ga saƙo a waya wai don Allah kar in ƙara bata irin wannan, duk wanda ya rubuta shi daɗin abin yake ji. Nace mata mace ce fa ta rubuta, tayi shiru ta jima kafin tace to hakan ma yafi muni. Sai ƙanwar maigidana, tana aji biyu a jami'a, ita ce ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni, tace "Anti wallahi mutumin nan ya burge ni, kanshi na ja, har banso aka kama shi ba."

Littafi ɗaya ne fa, shafuka iri ɗaya. Kuma wannan rabuwar kan da na gani a tsakar gidanmu ita ce dai wadda masu karatu da marubuta a Amurka da Ingila suka shafe sama da shekara talatin suna kai ruwa rana a kanta, shi yasa naga ya kamata a zauna a warware ta a tsanake.

Mu fara da shi kanshi nau'in labarin. Hukumar FBI ta Amurka, a wani taro da tayi a San Antonio a 2005, ta tsayar da cewa mai kisan ɗauki ɗai-ɗai shine wanda ya kashe mutum biyu ko fiye a lokuta daban-daban, kuma ita da kanta tace irin wannan kisan bai kai kashi 1 cikin 100 na kashe-kashen da ake yi a shekara ba. Wato abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ka shiga shagon littattafai sai ka ɗauka kowace unguwa da nata. Dalilin yana cikin yadda ake gina jan rai. Idan kisa ɗaya ne akayi, mai afkuwa ta riga ta afku, tambayar mai karatu kawai itace waye yayi, zai iya ajiye littafin yaje yayi barci. Amma idan makashin yana nan yana yawo, tambayar ta koma wacece ta gaba, kuma yaushe, sai ya zama akwai agogo yana bugawa a kowane shafi. Marubucin yana buƙatar gawa lokaci-lokaci don kar wutar ta mutu, kuma gawa ta uku dole ta fi ta biyu tayar da hankali in ba haka ba mai karatu ya saba. Kunga kenan tun daga tushe tsarin labarin yana tura marubuci ya riƙa ɗaukar matan kamar itacen da ake izawa a murhu. Marubuci nagari yana jin wannan turin yana turjewa, rago kuwa sakin jiki yake. Duk rigimar da za ta biyo baya daga nan take tasowa.

To me mace kamar yayata take nema a ciki? Wannan tambayar maza suna yawan yi da mamaki, wai ya za ayi mace ta zauna tana karanta yadda ake kashe mata. Wasu masana halayyar ɗan adam biyu a jami'ar Illinois, Amanda Vicary da Chris Fraley, sun buga bincike a 2010 a kan littattafan kisan da ya faru da gaske, suka duba sharhin da mutane ke rubutawa a kasuwar intanet ta Amazon suka ga kusan kashi 70 cikin 100 na masu sharhi a kan irin waɗannan littattafan mata ne, alhali a littattafan yaƙi maza ne suka cika wajen da sama da kashi 80. Da suka bawa mutane zaɓi tsakanin littattafai, sai matan suka fi karkata ga wanda aka ce a ciki akwai dabarar da wata tayi ta kuɓuta, ko wanda ya bayyana abinda ke kan makashin, ko wanda mata ne aka kashe a ciki. Abinda suka fahimta shine neman sanin hanyar tsira na daga cikin abinda ke jan su. Binciken a kan labarin gaskiya ne ba ƙagagge ba, amma duk wadda ta ga yayata tana gwada sakatar nan sau biyu kafin ta kwanta ta san abin ɗaya ne.

Kuma mu ai ba baƙon abu bane a wajenmu. Wa bai ji tatsuniyar yarinyar nan mai ruwan ido ba, wadda taƙi duk samarin gari tace sai wanda babu tabo ko ɗaya a jikinshi, har baƙo kyakkyawa yazo ta bishi, sai da sukayi nisa a daji ya rikiɗe ya koma ainihin abinda yake. Kakanninmu mata ne suke bada ita, 'yan mata ne ke zagaye dasu suna rawar jiki suna cewa a ƙara. Tsoro ne da ake sha a wajen da babu abinda zai same ka, kana jin bugun zuciyar amma kana kan tabarma kusa da kakarka. Littafin ma haka, kina iya rufe shi duk sanda kika ga dama, abinda ba za ki iya yi da takun da kike ji a bayanki cikin lungu ba. Ga kuma wani abu da littafin ke bayarwa wanda duniya bata cika bayarwa ba: a ƙarshe ana kama shi. A zahiri kuwa akwai irin su Samuel Little a Amurka, wanda ya amsa da bakinshi cewa ya kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, kusan duk mata, yawancinsu talakawa, da dama daga cikin gawarwakin ma ba a rubuta su a matsayin kisa ba, an ce shaye-shaye ne ko hatsari, shekara da shekaru babu mai nemanshi.

Saidai anan ne nake da ja da yayata, kuma na faɗa mata. Darasin da littafin ke koyarwa yana nuna mata ƙofar da ba ita bace. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Nuwamba 2024 yace a shekarar 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a faɗin duniya, kuma kimanin 51,100 daga ciki miji ne ko saurayi ko wani ɗan uwa na gida ya kashe su. Mace 140 kenan kowace rana, ɗaya duk minti goma, kuma Afirka ce ke kan gaba da kimanin 21,700. Ku tsaya ku auna wannan. Littafin yana cewa ki kula da baƙon da ke laɓe bayan bishiya, lissafin kuma yana cewa mafi yawanci mutumin yana da mukullin gidan, ya san inda kike ajiye wayarki, wataƙila ma tare kuka ci tuwon dare. Ita kanta yayata a wajen aikinta tafi kowa sanin wannan, don ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ake kawo mace da karaya cikin dare ace wai santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, wanda ya kawo ta yana tsaye a kanta yana amsa duk tambayar da akayi mata. Da na tuna mata wannan sai tace "haka ne, amma wancan tsoron ba a iya karanta shi don nishaɗi, yayi kusa da yawa." Kuma ina ganin gaskiyarta, wataƙila shi yasa baƙon dodo yake sayuwa, yafi sauƙin ɗauka.

Yanzu ɓangaren ƙawata, masu rufe littafi suce wannan ba adabi bane cin zarafi ne. Suna da tarihi mai tsawo. Babbar rigimar da har yau ake kafa misali da ita ta faru ne kan littafin American Psycho na Bret Easton Ellis. Kamfanin Simon & Schuster ya riga ya biya marubucin dala 300,000 kuɗin somin taɓi, amma da wasu mujallu suka fitar da guntayen wuraren da ake azabtar da mata a ciki sai kamfanin ya janye a watan Nuwamba 1990, saura 'yan watanni littafin ya fito. Wani kamfanin, Vintage, ya ɗauka ya buga a 1991. Reshen Los Angeles na babbar ƙungiyar matan Amurka ya kira a ƙaurace wa kamfanin, marubucin ya sha barazanar kisa, a Jamus aka saka littafin cikin jerin masu cutar da yara aka takaita sayar dashi daga 1995 zuwa 2000, a Ostireliya kuma sai a naɗe cikin leda ake sayar dashi, ga wanda ya kai shekara 18 kawai. Masu kare shi sukace ai zambo ne yake wa 'yan jari-hujjar birnin New York waɗanda komai a wajensu kaya ne har mutum, masu suka sukace ko ma me kake nufi, shafi nawa ka ɓata kana kwatanta yankan naman mace dalla-dalla. Abin lura, da aka tashi mayar dashi fim a 2000 mace ce ta bada umarni, Mary Harron, kuma ta rage yawancin abinda ya tada ƙurar.

A 2009 wata marubuciya kuma mai sharhin littattafan laifi a Ingila, Jessica Mann, ta fito tace ta gaji, ba za ta ƙara yin sharhin littafin da ke gasar azabtar da mata ba, kowane sabo yana ƙoƙarin ya zarce na baya. Ta bada labarin wata abokiyar aikinta da aka saka hoton gawar mace a bangon littafinta alhali namiji aka kashe a labarin, da tayi magana sai mai kamfanin yace ta bar wannan, gawar mace ce ke sayar da littafi, ta namiji bata sayarwa. Ni wannan ɗan labarin yafi min duk wata doguwar muhawara bayyana inda matsalar take, don anan ba maganar fasaha ake ba, kasuwa ce tsagwaronta.

Daga nan ne a 2018 wata marubuciya 'yar Birtaniya, Bridget Lawless, ta kafa gasa mai suna Staunch, kyautar fam 2,000 a shekarar farko, da sharaɗi ɗaya: littafin jan rai wanda babu macen da aka daka, ko aka bi sawunta, ko aka yi mata fyaɗe, ko aka kashe a ciki. Da jin haka za ka ɗauka mata marubuta za su tafa mata, sai gashi su ne kan gaba wajen yi mata ca. Val McDermid, wadda ta shafe shekaru tana rubuta irin waɗannan littattafan, ta nuna cewa muddin maza na ci gaba da yi wa mata wannan aika-aika ita ma za ta ci gaba da rubutu a kai, don rufe ido baya kawar da abin. Sophie Hannah ma ta rubuta cewa abinda ya kamata a karrama shine littafin da ya tunkari zaluncin da kyau, ba wanda yayi kamar babu shi ba. A 2019 rigimar ta ƙara zafi da masu gasar suka ce irin waɗannan littattafan suna iya shafar tunanin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaunarwa a kotu a can, su saba da cewa mai fyaɗe baƙo ne mai kama da dodo, sai in an kawo musu wani mai fara'a sanye da kwat wanda matar ta sani su kasa yarda. Marubuta da yawa suka fusata sukace an ɗora musu laifin da ba nasu ba.

Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Sharaɗin gasar yayi faɗi da yawa, don da shi za a kori littafin da wata ta rubuta da hawayenta kan abinda akayi wa ƙanwarta tare da wanda aka rubuta don a sayar da bango, an haɗa su a kwando ɗaya. Amma suma masu cewa ai gaskiya muke nunawa, ba kowa cikinsu ke nuna gaskiya ba. Gaskiyar kisan mace ba a wuƙar take ƙarewa ba, akwai uwar da ke zuwa ofishin 'yan sanda kullum ana ce mata ta dawo gobe, akwai yaran da aka raba wa dangi, akwai ɗinkin da ta karɓa bata gama ba. Littafin da ya baka shafi goma na yadda aka ɗaure ta, ya baka layi biyu na wacece ita, wannan ba gaskiya ya nuna ba, ya zaɓi abinda yake so ya kalla ne ya kuma ja ka ka kalla tare dashi. Abinda ƙawata taji kenan a babi na uku, kuma ba ƙarya taji ba.

Sai maganar ƙanwar maigidana, wadda ita ce tafi damuna kuma ita ce mutane suka fi saurin yankewa hukunci. Yarinyar nan ba muguwa bace, ko kaza ake yankawa barin wajen take. Kuma ba ita kaɗai bace. A farkon 2019, bayan Netflix ta saka wani fim mai dogon zango da aka ɗauko daga littafin da ya fito a 2014, labarin wani mai kula da shagon littattafai da ke bin diddigin wata budurwa yana kashe duk wanda ya shiga tsakaninsu, sai 'yan mata suka cika Twitter suna cewa suna sonshi, har sai da ɗan wasan da ya fito a matsayin, Penn Badgley, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana tuna musu cewa mutumin nan fa makashi ne. Tun kafin wannan ma, lokacin shari'ar Ted Bundy a Miami a 1979, 'yan mata sun riƙa zuwa kotu don su ganshi, mutumin da kafin a zartar masa da hukuncin kisa a 1989 ya amsa kashe mata 30.

Yadda abin ke aiki ba sihiri bane. Duk wanda aka bawa bakin bada labari ya riga ya ci rabin shari'a. Ku ɗauki mai unguwar da mutum ɗaya ya zauna gabanshi awa uku yana kawo ƙara, ya faɗi yarintarshi, ya faɗi wulaƙancin da aka yi masa, ya saka barkwanci, ɗaya ɓangaren kuma ba a bari ta buɗe baki ba sai ihu, ya kuke ganin hukuncin zai kasance? Haka babin da ke cikin kan makashin yake yi wa mai karatu. Kana ganin duniya da idonshi, in ya ɓuya a bayan ƙofa kaima numfashinka ɗaukewa yake kar a ganshi, kafin ka farga jikinka ya koma ɓangarenshi ko da hankalinka bai koma ba. Marubucin da ya san abinda yake yi yana amfani da wannan ne don ya kama ka dumu-dumu, ya sa ka tsorata da kanka. Wanda bai sani ba kuwa sai ya ƙare da ƙera gwarzo.

Kuma wannan hoton na makashi mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ke wasa da hankalin 'yan sanda kamar dara, mafi yawanci ƙirƙira ce. Ku duba Peter Sutcliffe a arewacin Ingila, direban babbar mota ne mai mata a gida, ya kashe mata 13 tsakanin 1975 da 1980. Sau tara 'yan sanda suna yi masa tambayoyi suna sallamarshi, sun tafi bin wani kaset na bogi da wani ya aiko musu yana cewa shine makashin, tunda karin harshen Sutcliffe bai yi kama da na kaset ɗin ba sai suka ƙyale shi. A ƙarshe a watan Janairu 1981 a Sheffield aka kama shi, kuma ba wata gagarumar dabara bace, lambar motarshi ce ta bogi. Ba wayonshi ne ya raya shi shekara biyar yana ɓarna ba. Wani ɓangare na abinda ya raya shi shine yadda aka ɗauki matan. Da yake wasu daga cikin na farko mata masu zaman kansu ne ko kuma an ɗauke su haka, ba a tada hankali sosai ba, sai da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 16 a 1977 sannan aka fara cewa yanzu ya taɓa wadda bata da laifi, kamar su waɗancan da laifinsu. Aka kuma shawarci mata su daina fita da dare, abinda yasa matan Leeds suka fito zanga-zanga cikin dare a watan Nuwamba 1977 suna cewa me yasa mu za a kulle ba maza ba. Sai a 2020, bayan mutuwarshi, shugaban 'yan sandan yankin ya fito ya nemi afuwar iyalan matan kan irin kalaman da manyan jami'ai suka yi amfani dasu a wancan lokacin.

In kuna ganin wannan labarin nesa ne, ku tuna Fatakwal a 2019, lokacin da aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal an shaƙe su an ɗaure da farin ƙyalle. Da mata suka fito zanga-zanga, wani babban ɗan sanda ya ɓige da yi musu nasiha kan karuwanci, maganar da ta ƙara tunzura su. An kama wani mutum mai suna Gracious David-West a watan Satumba na shekarar, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoba 2020 kan kashe mata tara. Ni na tuna irin hirar da akayi ta yi a lokacin har a cikinmu mata, tambayar farko ba waye yake kashe su ba, a'a, me ya kai su otal. Irin tambayar tatsuniyar nan ce dai, wa ya aike ta ta bi baƙo, ai ruwan idonta ne ya ja mata. Shi dodon ba a cika tuhumarshi ba, an ɗauka halinshi ne.

Shi yasa aikin da wata masaniyar tarihi, Hallie Rubenhold, tayi a 2019 ya shiga raina. Makashin unguwar Whitechapel a Landan, na shekarar 1888, wanda har yau ba a tabbatar da ko waye ba, an rubuta littattafai a kanshi ba adadi, har yawon buɗe ido ake kai mutane lungunan da yayi kisan. Ita sai ta juya baya gare shi gaba ɗaya ta rubuta rayuwar matan biyar: Polly Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Inda aka haife su, wa suka aura, 'ya'yansu, yadda talauci da mutuwar aure da giya suka jefa su kwanan titi. Tace babu gamsasshiyar hujjar cewa uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka shafe sama da shekara 130 ana maimaitawa. Littafin ya ci babbar kyautar Baillie Gifford a shekarar, amma wasu daga cikin masu sha'awar labarin makashin sun yi mata rubdugu a intanet. Wasu gardamar tarihi suke da gaske, wannan kuma haƙƙinsu ne, amma zafin da wasu suka ɗauka ya nuna cewa an taɓa musu wani abu ne, an ɗauke fitilar daga kan wanda suka saba kallo.

Wannan duka ya shafi marubutanmu na yanar gizo ma, tunda yanzu an fara shigo da labaran kisa da bincike cikin littattafan da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, inda mai karatu ke biyan kuɗi kuma sharhinshi na isa ga marubuciya tun kafin ta rubuta babi na gaba. Turin da na ambata a farko anan yafi ƙarfi, in mugun ne ke jawo sharhi to shi za a ƙara wa shafi.

Ranar da littafin ya dawo hannuna na ƙarshe, muna zaune mu uku a tsakar gida ana tsinken zogale, ƙawata kuma na kira ta a waya na saka a lasifika, nace ina da tambaya ɗaya, wa zai faɗa min sunan makashin. Dukkansu suka faɗa a tare, har ita da ta tsaya a babi na uku. Nace to matar farko da ya kashe fa, ya sunanta? Yayata tace wadda ke aiki a kantin magani ko, ƙanwar maigidana tace a'a wannan ta biyu ce, mai jar mota ce ta farko. Babu wadda ta kawo sunan, nima da nayi tambayar ban riƙe ba. Na tashi na ɗauko littafin muka buɗe farko muna nema. Shafi huɗu aka bata gaba ɗaya, sunanta sau biyu ya fito, ɗaya a bakin maƙwabciyarta ɗaya a jikin takardar da aka ɗaura wa gawar a ƙafa. A shafi na biyu akwai layi ɗaya da dukkanmu muka tsallake, wai a cikin jakarta akwai maganin hawan jinin mahaifinta da ta biya ta karɓo zata kai masa da safe. Ƙanwar maigidana ta karɓi littafin daga hannuna ta sake karanta layin a hankali, sannan tace "Anti to waye ya kai masa maganin?" Muka duba har ƙarshen babin, muka duba na gaba, ba a ƙara ambatar tsohon ba.